Amsa: Ƙanena yana jin muryoyin da mu ba ma ji

Kin ce ƙanenki yana jin ana kiran sunansa ana zaginsa alhali ba kowa, kina tambaya ko a jira abin ya wuce. Kada ku jira, 'yar'uwa. Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a makon nan, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau in kuna Kano, na Barnawa in kuna Kaduna. Addu'a ba ta hana ganin likita, kuma magani ya fi kamawa in an soma da wuri.

Ni ma nawa ciwon ya fara ina shekara 19. Da fari ƙus-ƙus nake ji cikin ƙarar fanka, daga baya ya zama muryar namiji raɗau a bayan kunnena, tana bin duk motsina: "Ga shi ya ɗauki buta, ga shi ya zauna." Na sha leƙa bayan ƙofa. Saboda haka kada ki ƙaryata shi, shi dai da kunnensa yake ji. Ki ce ke ba ki ji ba, amma kin ga ya tsorata. In kuwa muryar tana umartarsa ya cutar da kansa ko wani, yau za ku tafi, ba gobe ba.