Shawarar Lauya: Na buɗe saƙon sirrin wata mamba a dandalinmu na Mastodon, yanzu lauyanta ya rubuto

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Ni ne sakataren wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a Zariya, kuma ni ne na karanci kwamfuta a cikinmu. Tun da gwamnati ta dakatar da Twitter a 2021 nake ganin bai kamata mu jingina da manyan kamfanoni ba. Bara na kama hayar saba, wato kwamfutar da ake ajiye dandali a kanta a intanet, a wani kamfani da ke Jamus, da katina na banki, na ɗora mata Mastodon, manhajar sada zumunta mai kama da Twitter, mambobi kusan 340 suka yi rajista. Wata biyu da suka wuce aka ga giɓi a kuɗin tallafin marayu. Sai na shiga rumbun bayanan na duba saƙonnin sirri na matar da ke riƙe da kuɗin ƙungiyarmu. Na tarar da wata hira tsakaninta da ƙaninta kan kuɗin asibitin mahaifiyarsu, na ɗauki hoton na nuna wa 'yan kwamiti, wani a cikinsu kuma ya jefa shi a gurup ɗinmu na WhatsApp. Ta fice daga ƙungiya. Yanzu lauyanta ya rubuto yana so a goge bayananta duk inda suke, a nemi afuwarta, a biya ta naira miliyan 20 cikin kwana 14. A sanina dokar kare bayanai don irin su Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp, aka yi ta. Mu ba kamfani ba ne, ba ma samun ko kwabo, sabar ba a Najeriya take ba, shi kuma Mastodon ba shi da mai shi. Zan iya yin banza da wasiƙar? Ko in goge komai in huta?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da zan faɗa ya dogara ne kan labarin yadda ka ba da shi, ban ga wasiƙar ba, ban ga kundin tsarin ƙungiyarku ba, don haka ka ɗauke shi a matsayin haske kafin ka zauna da lauya ido da ido. Amma in dai yadda ka rubuto haka ne, matsayinka bai kai ƙarfin da kake zato ba.

Na gane inda tunanin nan ya samo asali. Labaran da ke fitowa duk na manya ne. A Yulin 2024 hukumar FCCPC, mai kare haƙƙin masu saye, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 bayan binciken da ta yi tare da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, kuma a Afrilun 2025 kotun sauraron ƙararrakin gasar kasuwanci ta tabbatar da tarar. Ita ma NDPC ta yanka wa kamfanin tarar dala miliyan 32.8 a 2025. A Turai hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci shi yuro biliyan 1.2 a 2023 kan kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka. Wanda ke jin waɗannan kuɗaɗe zai ɗauka dokar tarkon giwa ce. Sai dai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ba ta tambayar girmanka ko ribarka kafin ta hau kanka. Tambayarta ita ce: wa ke yanke shawarar dalilin da ya sa ake tattara bayanan mutane da yadda za a yi da su? Wannan shi ne mai iko da bayanai a wurin doka, ko mutum ɗaya ne, ko kamfani, ko ƙungiya. Girma yana shiga ne a wajen yawan tara da nauyin rajista.

Akwai togaciya a sashe na 3 ga wanda ke sarrafa bayanai don harkar kansa ko ta gidansa kawai, kamar lambobin da ke wayarka. Ban ga yadda dandali mai mutum 340, mai rajista da adireshin imel da kalmar sirri, zai shiga nan ba. Kuma ita kanta togaciyar tana faɗuwa in an keta haƙƙin sirrin wani.

Batun Jamus ma bai cece ka ba. Sashe na 2 ya kama duk mai iko da bayanai da ke zaune ko aiki a Najeriya, har ma ya miƙa hannu ga wanda ke waje in bayanan mutanen da ke Najeriya yake taɓawa, wanda ta nan ake kamo manyan kamfanonin da kake magana. Kai kana Zariya, ita tana Najeriya, shi ke nan. Ajiye sabar a waje ƙarin nauyi ma ya ɗora maka, domin fitar da bayanai daga ƙasa yana da nasa sharuɗɗan a sashe na 41 zuwa 43. Jamus tana ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai mai tsauri, don haka ba na jin nan ne za a fi matsa maka, amma ka nemo yarjejeniyar da ke tsakaninka da kamfanin hayar ka ajiye.

Yanzu ga maganar cewa Mastodon ba shi da mai shi, wadda a nan nake so ka tsaya sosai. Gaskiya ne babu kamfani guda da ke riƙe da dukan hanyar. Eugen Rochko ya fito da manhajar a 2016, kowa na iya ɗora ta a sabarsa, sabobin kuma suna magana da juna ta ƙa'idar ActivityPub, kamar yadda imel ɗin wannan kamfani ke isa na wancan. To amma ma'anar wannan ita ce kowace saba tana da mai ita. Ikon da ke hannun Meta a Facebook, a dandalinku yana hannunka: kai ke da mabuɗin rumbun, kai ke iya rufe asusun mutum, kai ke iya karanta abin da aka rubuta. Da ka raba mambobinku da babban kamfani, kujerar kamfanin ka hau, da nauyinta duka, ba tare da tawagar lauyoyinsa ba.

Wani abu da lauyanta zai iya ganowa in ya tambayi masana: shafin da admin ke aiki da shi a Mastodon ba ya baje saƙonnin sirri na mutane haka kawai, sai wanda aka kai ƙararsa ta maɓallin rahoto. Wanda ya karanta hirar da ba a kai rahotonta ba, rumbun bayanan ya shiga da gangan ya nemo ta, kamar yadda ka faɗa da bakinka. Ba za ka iya cewa idonka ne ya faɗa kai ba. Na san za ka ce manhajar tana gargaɗin cewa saƙonninta ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba, kuma takardar tsare sirri da take zuwa da ita ta ambaci cewa masu kula da saba na iya ganin irin waɗannan saƙonni. Hujja ce da za a iya kawowa, amma ba zan ba ka shawarar ka kwanta a kanta ba. Sanar da mutum cewa ƙofarsa ba ta da sakata daban, ba ka izinin shiga ɗakinsa ka ɗauko wasiƙa ka karanta a taro daban. Sashe na 24 ya ce bayanan da aka karɓa don wata manufa ba a juya su zuwa wata da ba ta dace da ita ba, sashe na 25 kuma ya lissafa dalilan da doka ta yarda da su. Kana iya cewa ƙungiya tana da halastacciyar buƙata ta gano kuɗin marayu, kuma ba ƙaramar buƙata ba ce. Sai dai za a tambaye ka ko babu hanya mafi sauƙi, alhali akwai: takardar banki, rasit, kiran ta gaban kwamiti ta yi bayani. Ga shi kuma hirar ta taɓa rashin lafiyar mahaifiyarta, bayanin lafiya kuwa yana cikin waɗanda doka ta ba kariya ta musamman a sashe na 30, ga ƙanin nata da uwar da ba su da hannu a rigimarku. Ko a gaban dattawan ƙungiya, ban da kotu, wannan leƙen asiri za a kira shi, kuma ka san yadda addini da al'ada ke kallonsa.

Wanda ya jefa hoton a WhatsApp yana da nasa laifin, mai yiwuwa har da na ɓata suna in ya haɗa da zargin sata, wanda dokar Penal Code ta Arewa ta tanadar wa hukunci. Amma daga hannunka hoton ya fita.

Akwai tambayar wa za a kama, kai ko ƙungiya. In ƙungiyar tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana da amintattu, kuma akwai rubutaccen ƙudurin taro da ya ba ka aikin kafa dandalin, ana iya cewa ita ce mai iko da bayanan, kai wakili ne. In kuwa da katinka ka biya, da sunanka aka yi hayar, kai kaɗai ke yanke komai, to ka shirya ganin sunanka a takardar ƙara. Ka duba littafin bayanan taronku. Ka kuma sani jagorar rajista da NDPC ta fitar a 2024 ta sa mai sarrafa bayanan fiye da mutum 200 cikin wata shida a sahun waɗanda ake sa ran su yi rajista, don haka wannan ma abin dubawa ne.

Duk da haka, wasiƙar lauyan nata ta wuce gona da iri, kuma ba na son yadda ake ɗora wa ƙungiyar sa-kai adadin da kowa ya san ba ta da shi don kawai a firgita ta. Sashe na 51 ya ba wanda aka cuta damar neman diyya a kotu, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya kare sirrin wasiƙu da sadarwa, don haka tana da ƙofar shiga. Amma sai ta nuna cutarwar da ta same ta, kuma alƙali ne ke auna diyya, ba mai rubuta wasiƙa ba. Mai yiwuwa an hango tarar da ke sashe na 48 ne, wadda ke iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga ƙananan masu riƙe bayanai, miliyan 10 ko kashi 2 ga manya, duk wanda ya fi yawa. Wannan tara ce ta hukuma, ba aljihunta za ta shiga ba, kamar yadda tarar Meta ba a raba wa masu amfani da WhatsApp ba. Hukumar dai tana iya ba da umarnin a biya wanda aka cuta diyya daban.

Buƙatar a goge bayananta “duk inda suke” kuwa ba mai iya cika ta, kuma ya kamata a gaya wa lauyan haka a rubuce. Idan aka goge asusu a Mastodon, sabarka tana aika wa sauran sabobi saƙon su ma su goge kwafin da ke wurinsu. Yawanci suna bi, amma wadda ke kashe a lokacin, ko wadda mai ita ya sauya mata tsari, tana iya riƙewa, kuma ba ka da iko a kanta. Abin da za ka iya alkawari shi ne sabarka, da kwafin ajiya da kake yi, da wayarka, da roƙon 'yan kwamiti su goge nasu. Kada ka sa hannu kan abin da ya wuce haka.

Haƙƙinta na a goge yana nan a sashe na 34, ban musa ba. Dalilin da ya sa na ce kada ka goge yanzu shi ne an riga an yi maganar kotu, kuma share rumbu bayan wasiƙar lauya kama yake da ɓatar da shaida. Sashen ya tanadi a dakatar da taɓa bayanai har a warware takaddama. Ka daskarar da asusunta, kada kai ko wani ya sake buɗe shi, ka sanar da lauyanta cewa za a goge a ranar da ɓangarorin biyu suka amince. Haka kuma sashe na 40 ya ce a sanar da hukuma cikin sa'a 72 idan bayanai suka fita ba bisa ƙa'ida ba ta yadda za su iya cutar da mai su. Ko abin da ya faru ya shiga nan, ana iya jayayya, amma ni na fi karkata ga cewa ya shiga. Lokacin ya wuce, don haka ka bar lauyanka ya tsara yadda za a tunkari hukumar.

Shawarata ita ce sulhu, kuma da wuri. Shari'a irin wannan tana iya cin shekaru, kuɗin lauya zai fita daga asusun da ake cewa na marayu ne, kuma a zaman kotu hirar da take kukan an tona za a sake karanta ta a bainar jama'a, abin da ba na jin ita ma tana so. Ko Meta da NDPC, bayan sun je Babbar Kotun Tarayya a Abuja kan tarar dala miliyan 32.8, teburin sasanci suka koma. A irin wannan rigima abin da ya fi ci wa mutum rai shi ne mutuncinsa a idon tsofaffin abokan karatu. Takardar neman afuwa da za a saka a gurup ɗin da aka yaɗa hoton, da bayyana cewa ba a tabbatar da wani zargi a kanta ba in har haka ne, da alkawarin gogewa, da wani abu daidai ƙarfinku na kuɗin lauyanta, sau da yawa sun fi miliyoyin da ke takarda tasiri. Ku nemo dattijo ɗaya da ku duka kuke jin nauyinsa, ko ku je cibiyar sasanci ta kotu, a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu, a saka cewa ta rufe duk wata ƙara kan wannan batu.

Maganar giɓin kuɗi ku ware ta gefe. A ba mai binciken kuɗi takardun banki da rasit ya yi aikinsa, kada a sake ambaton hoton nan a matsayin hujja, kuma kada a ce mata sai ta janye ƙorafinta za a bar binciken, domin wannan zai zama wata sabuwar matsala.

Kafin kwana 14 ɗin su cika, lauyanka ya aika gajeriyar amsa: an karɓi wasiƙa, an dakatar da taɓa bayananta, ana neman zama. Kada ka kira ta da kanka, kada ka rubuta komai a gurup. Idan za ka je wurin lauyan ka riƙe wasiƙar, da kundin tsarin ƙungiya, da bayanan taron da aka amince da dandalin in akwai, da rasit ɗin hayar saba, da sunayen 'yan kwamitin da suka ga hoton a ranar.