Na Samu Rufin Asiri a Legas, Amma Raina a Ƙuntace

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, shekarata 9 ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Da jakar leda na sauka Legas, yau alhamdu lillahi na gina gida a garinmu, kuma duk wata ina aika wa iyali kuɗi, sai dai ba na zuwa gida sai da babbar salla. Ga rufin asiri, amma raina a ƙuntace, barci ma da ƙyar. Shin neman jin daɗin duniya laifi ne, ko kuwa Allah ne yake fushi da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, neman jin daɗi ta hanyar halal halal ne. Allah ya ce kada ka manta rabonka na duniya (Ƙasas, aya ta 77). Ibnu Hibban ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya lissafa abu huɗu cikin jin daɗin rayuwa: mace ta gari, gida mai yalwa, maƙwabci na gari, da abin hawa mai daɗi.

Baƙin ciki kuwa ba shaidar fushin Allah ba ne. Annabi Yaƙub ya yi kukan rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, alhali yana annabi.

Yanzu koma ga hadisin nan ka auna kanka. Matar kana da ita, tana can. Gidan ka gina, amma wasu ke kwana cikinsa, kai kana kan tabarma tsakanin buhunan albasa. Ka tara kayan farin cikin, sannan ka ajiye su nisan tafiyar kwana da wuni. Wannan ita ce cutar da nake yawan gani ga 'yan'uwanmu daga Agege har Alaba Rago, kuma wallahi tana damuna: kullum "bari in ƙara tarawa tukuna", har furfura ta fito, yaro ya girma yana kunyar ubansa kamar baƙo. Ai Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wadata ba yawan kaya ba ce, wadatar zuci ce. Wanda bai yanka wa kansa iyakar "ya isa" ba, ko tirela nawa ya sauke ba zai ƙoshi ba.

Akwai kuma haƙƙi a wuyanka. Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa watannin da za su yi ba su koma ga matansu ba, a wata ruwaya huɗu, a wata shida. Mayaƙa ke nan, ballantana ɗan kasuwa. Don haka barin matarka shekara guda bai halatta ba sai da yardarta ta gaskiya, ba shirun kunya ba. Ka tambaye ta. Ko ka ɗauko su idan kana da hali, ko ka riƙa zuwa a kai a kai, ko da ciniki zai ragu.

Ka kama sallar jam'i da zikirin safe da yamma, don da ambaton Allah zukata ke natsuwa (Ra'ad, aya ta 28). Idan rashin barcin ya ɗauki makonni, ko ka ji rayuwa ta fita daga ranka, je ka ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Wallahu a'alam.