Tankin mota yana yoyo: a gyara ko a sauya?

Tambaya: Malam, ina da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 wadda nake ɗaukar shinkafa da ita daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Tankinta ya fara yoyo ta ƙasa, filta kuma tana yawan toshewa da jan gari. Mai walda ya ce zai liƙe, wani kuma ya ce a zuba masa maganin shafe ta ciki. Wanne ya fi, ko kuwa sai na sayi wani?

Amsa: Alhaji, jan garin nan ya fi yoyon tayar min da hankali, domin tsatsa ce, kuma daga ciki take cin ƙarfen. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka duk wanda ya shiga, ko ta man jarka ko ta raɓar da ke taruwa idan tanki ya daɗe babu mai sosai, gindi yake kwantawa.

Ka sa a sauke tankin, a haska cikinsa da tocila, a danna gefen hujin da sukundireba. Idan dutse ne ya huda wuri ɗaya kuma ƙarfen yana da ƙwari, gyara ya wadatar. Idan kuwa ya lotsa, ko ka ga ƙananan huji kamar na rariya, to kuɗin gyara asara ne, gara ka nemi wani, ko da na Beljiyam ne, bayan ka leƙa cikinsa shi ma.

Shafen ciki yana aiki, amma sai an kankare tsatsar tas, an wanke, tankin ya bushe ƙarau, sannan a zuba maganin ana jujjuyawa har ya game ko'ina, a bar shi kwanaki ya kama. Wanda ya yi gaggawa, shafen zai ɓare ya toshe bututu da kafireta, matsalar ta fi ta da.

Walda kuwa, don Allah kada ka yarda a kusantar da wuta don kawai an juye man. Tururin da ya rage a tankin da babu komai shi ne yake fashewa, kuma ya sha hallaka masu walda. Sai an wanke shi sosai, an cika shi da ruwa har kusa da hujin. Sabulun da direbobi ke gogawa a huji don tsayar da yoyo zai iya kai ka gareji kawai. Ko wanne ka zaɓa, ka sauya filta, a kuma busa bututun mai kafin a mayar da tankin.