Kwamfuta mai furosesa biyu: wace manhaja ce za ta yi aiki da su duka?

Tambaya: Wani mai karatu daga Kano, wanda sana'arsa haɗa bidiyon biki ce, ya rubuto cewa an yi masa tayin kwamfutar HP Z840 ta gwanjo mai furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta) biyu na Xeon, kuma Windows 10 Home ce a kanta. Yana tambaya ko ya saya.

Amsa: Malam, matsalar farko tana kan manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Windows Home ba ta amfani da furosesa fiye da ɗaya, don haka ko da an dasa biyu a kan allon na'urar, ɗaya ne zai ɗauki nauyin aikin, ɗayan kuwa ka biya kuɗinsa a banza. Windows Pro ce ke tafiyar da biyu, yayin da Pro for Workstations ke kai wa huɗu. Kada a rikita wannan da ƙwayoyin da ke cikin furosesa guda, domin Home tana aiki da su lafiya. Kafin ka ba da ko sisi, ka sa a buɗe Task Manager (shafin Windows da ke nuna yadda na'urar ke aiki) a gabanka, ka duba ko an nuna gurbin furosesa biyu.

Sai dai sauya manhajar zuwa Pro bai kashe maganar ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Xeon E5 da ke cikin wannan samfurin ba ya cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Linux kuwa, wadda wata manhajar tafiyar da kwamfuta ce daban, ta fara tafiyar da furosesa fiye da ɗaya tun 1996, kuma kyauta ce, amma manhajar haɗa bidiyo ta Adobe Premiere Pro ba ta aiki a kanta. Idan da DaVinci Resolve kake haɗa bidiyo, yana da na Linux.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba safai suke faɗa ba. Kowane furosesa yana da nasa guraben RAM (ma'ajiyar bayanan da ake aiki da su a lokacin), takwas-takwas a wannan na'ura, kuma idan aka jibge RAM ɗin duka a gefe ɗaya, na biyun sai ya riƙa tsallakawa zuwa gefen ɗan'uwansa neman bayanai, abin da ke rage gudu.

A ganina, ga mai aiki da janareta ko inbata, ya fi dacewa ka ƙara kuɗi kaɗan ka sayi sabuwar kwamfuta mai furosesa ɗaya mai ƙwayoyi da yawa, wadda Windows 11 ta karɓa, domin tukunyar wutar Z840 (abin da ke raba wa sassanta lantarki) mafi ƙanƙanta ma wat 850 ce.