Atisayen Sakin Jiki Zai Iya Raba Ni da Maganin Hawan Jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciya ce, shekaruna 43, 'ya'yana huɗu. Tun asuba nake kan ƙafafuna, ba na samun zama sai bayan goma na dare. Wata abokiyar aikina ta turo mini muryar wani mai koyar da numfashi da sakin jiki, ta minti 30, wai in riƙa bi kullum. Sau biyar na gwada. Sau uku barci ya kwashe ni, sauran biyun tunani ya hana ni sakat, har jiri na ji. Shekara biyu ke nan ina da hawan jini, kuma mai maganar ya ce duk wanda ya dage wata guda zai rabu da ƙwaya. Yau kwana shida da na ajiye maganina don in gani. Ni ce ban iya ba, ko abin ne bai karɓe ni ba? Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin mu je ko'ina, ki koma kan maganinki yau ɗin nan kamar yadda aka rubuta miki, ki kuma je a auna ki gobe ko jibi, ki faɗa wa likitanki gaskiyar kwana shidan nan. In kuwa kina jin matsanancin ciwon kai, ko ciwon ƙirji, ko gani yana dishi-dishi, ko ɓarin jiki ɗaya ya yi nauyi, to ajiye wayar ki tafi asibiti yanzu.

Atisayen kansa ba ƙarya ba ne. Wani likita ɗan Amurka, Edmund Jacobson, ya wallafa tsarinsa na ɗaure tsoka da sakinta tun 1929, kuma har gobe ana amfani da shi wajen masu fargaba da masu rashin barci. Amma wanda ya ba mace mai aiki da 'ya'ya huɗu darasin minti 30 a ƙarshen dare bai san rayuwarki ba. Barcin da yake kwashe ki bashi ne jikinki yake karɓa, ki bar shi ya karɓa. Ki mayar da atisayen rana, a zaune, minti biyar kacal, ko a kan kujerar ofis, ko a cikin mota bayan kin tsayar da ita kafin ki shiga gida. Kada ki kuskura ki kunna shi kina tuƙi.

Ki dunƙule hannu na daƙiƙa biyar, ki sake, ki saurari yadda ɗumi yake sauka a yatsu. Ki ɗage kafaɗu zuwa kunne, ki sake. Sai muƙamuƙi, don masu irin aikinki da yawa haƙora a cije suke wuni ba su sani ba. Jirin kuwa, galibi daga zuƙar iska da ƙarfi da sauri yake zuwa, mutum ya fitar da iskar kabon fiye da kima, yatsu su fara tsira-tsira. Ba a son ki cika ƙirji. Ki shaƙa a hankali kina ƙirga huɗu, ki fitar kina ƙirga shida, wato numfashi wajen shida a minti ɗaya maimakon 12 zuwa 20 na yau da kullum. Fitarwar ce ke rage bugun zuciya. Amma ke da kika ajiye magani, ba zan ɗora wa numfashi laifin jirinki ba sai na ga awonki. Tunani kuma zai zo, aikinsa ke nan. In kin farga kin tafi lissafin kuɗin makaranta, ki dawo kan ƙirga, shi ke nan.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai na ji wannan magana a ɗakin duba marasa lafiya: ai hawan jinina na damuwa ne, in hankalina ya kwanta zai tafi. Daga nan masu neman mabiya a intanet suke samun ƙofa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Damuwa tana ɗaga jini na ɗan lokaci, gaskiya ne. Amma hawan jinin da aka tabbatar da shi, awo bayan awo yana kai 140/90 ko ya wuce, yana da saiwa a gado, da shekaru, da ƙoda, da ƙiba, da gishiri, da taurin jijiyoyin jini. Abin da numfashi zai rage ɗan kaɗan ne, kuma ba a kowa ba. Ba zai sauko da mai 170 zuwa 130 ya riƙe shi a can dare da rana ba.

Mugun abin shi ne ciwon ba ya sallama. Mutum zai yi atisaye ya ji jikinsa sakayau, kansa wasai, ya ɗauka ya warke, alhali jinin yana can yana dukan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa cikin manya uku, ɗaya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Me ya sa ba su sani ba? Don lafiya lau suke jin kansu. To ta yaya jin daɗin jiki zai zama shaidar warkewa?

Ba na mantawa da wani magidanci da aka kawo mana, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Matarsa ta buɗe jaka ta zazzage mini kwalayen magani uku, ko ɓallewa ba a yi ba. Ta ce wata biyu yana sa abin sauraro a kunne safe da yamma, har yaba shi take yi don ya daina faɗa a gida. Atisayen ya gyara masa hali, amma bai hana shanyewar ɓarin jiki ba. Shi kuma mai muryar nan mai sanyi, ko sunan mutumin bai sani ba, balle ya zo dubiya.

Akwai ma magungunan da yanke su farat ɗaya ya fi haɗari, irin su atenolol da propranolol da clonidine, domin zuciya na iya zabura, jini ya yi tsalle ya wuce inda yake da. Ba ki faɗa mini wanne kike sha ba, shi ya sa nake matsa miki. Duk wanda ya ce ki bar magani bai taɓa ɗaura miki abin awo a damtse ba, ki toshe kunnenki, ko da farar riga ya sa a bidiyon.

Ana rage wa mutum magani, ba na musu, amma da hujja a rubuce. Ki samu na'urar awo ta damtse, ki zauna minti biyar, ki auna safe da yamma na kwana bakwai, ki rubuta a takarda tare da kwanan wata. Ki ci gaba da minti biyar ɗinki na sakin jiki. Ranar komawarki asibiti ki tafi da takardar da kwalin maganin, kuma ki gaya wa abokiyar aikin nan taki abin da na ce, don ina zargin ba ke kaɗai ta tura wa ba.