Tambayoyinku: Zan iya yin nutso a Bahar Maliya bayan Umara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Tudu, gidana yana Nima, shekaruna 47. In Allah Ya kai mu Disamba, ni da maiɗakina za mu yi Umara, daga nan mu shiga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a Jidda. Zai tsaya a Sharm el-Sheikh ta Masar ranar Talata daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, Laraba a Akaba ta Jodan, inda muke son zuwa tsohon birnin Petra, Alhamis muna cikin teku, Juma'a mu dawo Jidda mu hau jirgin sama. Na daɗe ina kallon masu nutso da tulun iska a talabijin, ina so ni ma in gani da idona. Iyo na sama-sama na iya, kuma ina shan maganin hawan jini. Hajiya kuwa gwaji ya nuna AS ce. Kamfanin jirgin yana sayar da fitar nutso, amma na ga wasu a intanet da suka fi arha. Wanne zan bi? (Daga wani mai karatu, Nima, Accra)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya sa a yi Umara karɓaɓɓiya.

Ka tambaye ni batun arha, ni kuwa da likita zan fara, domin in shi ya ce a'a, babu sauran magana. Duk wurin nutso na kirki sai ya miƙa maka takardar tambayoyin lafiya kafin ka taɓa tulu. Wanda ya haura shekara 45 kuma yana da hawan jini, dole ya kawo sa hannun likita. Mutane da yawa ba su san haka ba sai sun isa bakin ruwa, sun riga sun biya, a ce musu su zauna a inuwa. Ka sa a turo maka takardar tun kana Accra, ka kai wa likitan da yake duba ka, ka tafi da ita tare da fasfo. Kada kuma ka cika ta da "a'a" daga sama har ƙasa don a bar ka ka shiga. Mai ciwon sikila, SS ko SC, ba ya nutso, haka mai farfaɗiya da mace mai juna biyu. AS irin ta Hajiya ba ciwon ba ce, amma ita ma ta ji ta bakin likita.

Sai iyo. Na san abin da mu mutanen zango muke nufi da "sama-sama": a je Labadi washegarin Sallah, a shiga ruwa iya gwiwa, igiya ta taso a ruga da gudu. Ba laifinmu ba ne, tekunmu mai ƙarfi ne, ga duhu, ga jan mutum, iyayenmu kuma sun tsorata mu da shi tun muna yara. Amma kana da watanni a hannu. Nemi wurin koyon iyo, kamar kwamin da ke Jami'ar Legon, ka riƙa zuwa har ranar da za ka sa fuska cikin ruwa ba gabanka ya faɗi ba. Mai neman satifiket na matakin farko a tsarin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, sai ya yi iyon mita 200 ba tsayawa, ya kuma yi minti 10 yana yawo a saman ruwa. Wannan satifiket yana cin kwana uku zuwa huɗu, yana ba mutum izinin sauka mita 18, kuma ba ya samuwa a tsayawar wuni ɗaya. Abin da ya dace da kai shi ne nutson gwaji: a yi maka bayani, ka gwada kayan a ruwa marar zurfi, sannan malami ya sauka da kai yana kusa da kafaɗarka, ba za ku wuce mita 12 ba. A Bahar Maliya wannan ya ishe ka kallo, don mafi kyawun murjani da kifaye masu launi a kusa da sama suke, inda rana take kaiwa.

Abin da ke cikin tulun iska ce irin wadda muke shaƙa, aka matse ta. Kowace mita 10 da ka sauka, nauyin ruwa yana ƙara maka matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Kunne ne yake fara sanarwa, sai ka toshe hanci ka hura a hankali har ka ji ya buɗe. In kana mura ba zai buɗe ba, ka haƙura da nutson ranar, kuma ka san yadda masu dawowa daga Makka suke dawowa da tari. Doka ta farko da za a nanata maka: kada ka riƙe numfashi, musamman wajen hawowa, domin iskar da ke huhu tana kumbura yayin da matsi yake raguwa. Ta biyu, a hau a hankali. Kashi 78 cikin 100 na iska nitirojin ne, a ƙarƙashin ruwa yana narkewa cikin jini, in aka yi gaggawar fitowa sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe da sauri. Shi ya sa ake dakatawa minti 3 a zurfin mita 5.

Wannan nitirojin ne ya sa na tsaya a kan jadawalinka. Ƙa'idar ita ce bayan nutso ɗaya a jira awa 12 kafin hawa jirgin sama, bayan biyu ko fiye awa 18, masu taka-tsantsan kuma su cika 24. Jirginka na Juma'a ba shi da matsala. Petra ce abin lura, don motar da ta tashi daga Akaba tana hawa tsaunukan da suka haura mita 1,000, jiki kuwa bai san bambancin tsauni da jirgin sama ba. Saboda haka ka yi nutsonka a Sharm da safe, ka fito kafin azahar, ka sha ruwa sosai, washegari ka hau motarka lafiya. In kuma Petra ba ta dame ka ba, ni da zan zaɓa maka, Akaba zan ce. A can daga bakin gaɓa ake takawa a shiga, ruwan a kwance yake, har akwai wata tsohuwar tankar yaƙi da aka nutsar a zurfin da bai wuce mita 6 ko 7 ba, sabon shiga ma yana isa gare ta. Amma a haɗa nutso da safe da tsauni da rana, wannan kam babu shi.

To, batun kuɗi. Gaskiya ne na kamfanin jirgi ya fi tsada, amma ka san abin da kake saya da ƙarin. In motar fitar da suka shirya ta makara, jirgi yana jira. In kai ka shirya abinka ka makara, za ka iske wurin wayam, kai ga ka a Masar, kayanka suna hanyar Jodan, tikitin bin su kuma daga aljihunka. Ƙananan jiragen da ke kai masu nutso Ras Muhammad, wurin nutso kusa da Sharm, sukan fita da safe su dawo wajen la'asar sakaliya, alhali ana so fasinja ya kasance cikin jirgi aƙalla rabin awa kafin tashi. Ga kuma tarkon agogo: a watan Disamba Masar tana bayan Saudiyya da Jodan da awa ɗaya, wayarka za ta juya da kanta, jirgin kuma yana iya zama a kan nasa lokacin. Ɗaura agogon hannu, ka saita shi da na jirgi. Wanda ya ƙware, yana da satifiket, zai iya shiryawa da 'yan gari ya bar wa kansa ratar awa biyu. Kai da wannan ne karonka na farko, biya na jirgi.

Kafin ka biya, ka tambaye su mutum nawa malami ɗaya yake riƙewa, kuma ko suna ajiye iskar oksijin ta gaggawa a wurin. Ka duba inshorar tafiyarka, da yawa ba su ɗaukar nauyin abin da ya faru a nutso, jinyar ɗakin matsi kuwa, inda ake kai wanda kumfar nitirojin ta kama, irin wanda ke Sharm, ba kuɗin wasa ba ne. Katin allurar shawara da bizar kowace ƙasa, ka tabbatar da su tun a nan.

Hajiya kada ta damu da sutura. Rigar nutso tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hular da ke rufe kai, kuma tana iya ɗora doguwar riga a sama har zuwa bakin ruwa. A Disamba ma dole ce, don ruwan yana sauka wajen digiri 22 ko 23. In ta ji tsoron tulu, ta ɗauki tabarau da bututun numfashi ta kwanta a saman ruwa da rigar ceto, za ta ga rabin abin da za ka gani. Kai kuma in kana da gashin baki, ka rage na ƙarƙashin hanci kaɗan kafin ranar, don ta nan ruwa yake sulalowa cikin tabarau. Gemu ba ya hana komai.