Tambayoyinku: China na ƙera waya, me ya sa take sayen injin jirgi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Gardama ta kaure a shagonmu na gyaran waya a Kano. Abokina ya ce tunda wayoyin da muke taɓawa kusan duk na China ne, babu abin da ya gagare ta ƙerawa. Ni kuma na ji an ce injin jirgin fasinjarta ma sayowa take yi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Barka kadai, Malam. Gaskiyarka. Jirgin C919 na kamfanin COMAC na China ya fara tashi a 2017, ya soma jigilar fasinja a 2023, amma injin da ke maƙale a fukafukansa LEAP-1C ne na kamfanin CFM, haɗin gwiwar GE ta Amurka da Safran ta Faransa. China na aikin nata mai suna CJ-1000A, kuma tun 2016 ta kafa kamfanin gwamnati, AECC, don harkar injin jirgi kawai.

Matsalar tana can cikin injin, inda mai ke ƙonewa. Zafin iskar wurin yakan haura digiri 1,500 a ma'aunin salshiyas, wato ya zarce zafin da ke narkar da ƙarfen da ke juyawa a ciki. Waɗannan 'yan fukafukan ƙarfe, wasu ba su wuce tafin hannu ba, ana zuba su ne da gaurayen ƙarfen nikel, a bar shi ya daskare sannu a hankali ya zama ƙwaya guda, babu gaɓar da za ta tsage. Cikinsu rarake yake, da ƙananan huji da iska mai ɗan sanyi ke fitowa ta lulluɓe su, sannan a shafe su da wani yumɓu na musamman. A haka za su yi ta juyi na dubban sa'o'i. Kana iya sayen injin ka kwance shi, ka auna kowace ƙusa da noti, ka ga siffar komai, amma hannun da aka bi wajen zubin ba zai bayyana maka ba. Kamar kilishi ne: ci ba ya koya maka haɗin labu.

Shi ya sa masu manyan injinan fasinja ba su da yawa: GE da Pratt & Whitney a Amurka, Rolls-Royce a Ingila, Safran a Faransa, sai Rasha da ke fama da nata PD-14. Su ɗin ma da jiɓin goshi suka kai. Rolls-Royce ta karye a 1971 saboda kuɗin da injin RB211 ya lamushe, sai da gwamnatin Birtaniya ta karɓe ta. Indiya, mai tura kumbo duniyar wata, ta shafe shekaru kan injin Kaveri tun shekarun 1980, daga ƙarshe jirgin yaƙinta Tejas da injin GE yake tashi.

Sai dai kada ka kushe abokinka gaba ɗaya. A fagen soja China ta ci nisa; jiragen J-10 da a da suka dogara da injin AL-31 na Rasha yanzu suna tashi da WS-10 na gida. Bambancin shi ne soja na iya haƙuri da injin mai shan mai da yawan zuwa gyara. Kamfanin fasinja kuwa kowace lita lissafi ce, kuma dole hukumomin jiragen sama su gamsu.

Tambaya: To Yallaɓai, wayar Tecno da ke hannuna fa, ita ai ta China ce ciki da waje ko?

Amsa: Hajiya, ba duka ba. Tecno da Itel da Infinix na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen. Amma ki duba bayanan wayar, sau da yawa furosesar, wato ƙwaƙwalwar wayar, ta MediaTek za ki gani, kamfanin Taiwan. Mafi ƙanƙantar furosesa kuma ana buga su da na'urar da kamfanin ASML na Holan kaɗai ke ƙerawa, kuma an hana sayar wa China irinta.

Tambaya: Mu a Najeriya ina muka tsaya? Ai muna da kamfanonin mota.

Amsa: Muna da su, Malam, amma akasari harhaɗawa muke yi. Masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara aiki a 1975, Innoson na aiki a Nnewi, sai dai inji galibi daga waje yake shigowa. A ganina tushen yana wajen ƙarfe. Inji na bukatar masana'antar zubi da ƙarfe mai inganci da wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar narka, ga shi kamfanin Ajaokuta da aka soma ginawa da Tarayyar Sobiyet tun 1979 bai taɓa aiki gadan-gadan ba.